Yadda Ake Haɗa Tankin Ruwan Lagireto da Robar Rizaba a Motar da Ka Ƙera da Hannunka

Tun da 'yar motar da muka ƙera ta fara hawa titi, tambayar da ta fi zo mini ba ta inji ba ce, ba kuma ta giya ba, ta ruwa ce. Wani ya ce tasa tana aman ruwa da zarar ya kashe ta. Wani ya ce kullum da safe sai ya ƙara rabin gora, ya kuma duba ƙasa bai ga ko ɗigo ba. Wani ya sa ƙaton lagireton Hilux a gaban ƙaramin inji, ya haɗa fanka dairek, amma allura na hawa tun kafin ya sauka daga gadar Kawo. Kusan dukansu ciwo ɗaya ke damunsu: iska ta maƙale a cikin inji ba a yi mata hanyar fita ba, shi kuma ruwa ba a bar masa wurin da zai kumbura in ya ɗau zafi ba.

A motar kamfani an riga an yi wannan lissafi tun a masana'anta. Kai da ka ɗauko injin Golf daga nan, lagireton Corolla daga can, ka sa mai walda ya haɗa maka shasi a Panteka, lissafin ya dawo kanka. Ga yadda nake bi da shi.

1. Zaɓi tsari ɗaya kafin ka sayi komai

Robar nan da kake gani a cikin bonet iri biyu ce, ko da yake a gareji duk "rizaba" ake ce musu.

Ta farko ita ce irin ta tsofaffin Corolla da Honda. Murfin ƙarfe mai sifirin yana kan lagireto, wani siririn tiyo ya fito daga wuyansa ya shiga roba mai murfin da ba ya riƙe komai. Babu matsi a cikin wannan roba. In ruwa ya yi zafi ya kumbura, sai ya ture sifirin ya zuba cikinta, in inji ya huce ya zuƙo abinsa ya koma. A nan zan riƙa ce mata robar rizaba.

Ta biyu ita ce irin ƙwallon nan na Golf. Lagireton ba shi da murfi ko kaɗan, murfin matsin yana kan robar, ruwa kuma yana zagayawa ta cikinta muddin inji na aiki. Rabinta ruwa, rabinta iska, iskar ce ke matsewa ta ba ruwa wuri. Wannan zan kira ta tankin matsi.

Wanne ya dace da kai? Amsar tana ga tsayin wuyan lagiretonka. In ya fi kan inji da duk wani tiyo tsayi, tsarin farko ya ishe ka, ya fi arha, ya fi sauƙi. In kuwa ka kwantar da gaban motar don ta yi kyau, lagireto ya dawo ƙasa da kan inji, ko ka kai inji baya ka bar lagireto a gaba, babu zaɓi, sai tankin matsi. Yawancin motocin da matasanmu ke ƙerawa a nan suke faɗawa, don kowa gaba mai kaifi yake so.

Gargaɗi: kada ka haɗa rabin wannan da rabin wancan ba tare da ka san wane murfi ne zai fara buɗewa ba. Za mu zo kan wannan a mataki na 8.

2. Kayan da za ka tanada, da inda kuɗi ke tafiya

Kana buƙatar tankin da murfinsa, tiyo mai faɗin milimita 16 zuwa 19 kamar mita ɗaya ko biyu, siririn tiyo na milimita 6 ko 8, kilif mai sukuru na kowane baki, mahaɗi mai kai uku wanda ake ce wa ti, falankin ƙarfe na mazauni, ƙusoshi masu noti na milimita 6, sukundireba, filaya, sifana mai lamba 10, mazurari, bokiti mai awo, da tiyon lebur irin na magina. Sai kulan, wato ruwan sanyaya inji mai launi da ake sayarwa a galan, da ruwa mai tsabta.

Tankin Golf na Beljiyam shi ne mafi sauƙin samu, tunda motar ta cika gari. Ɗaga shi ka duba a rana. In robar ta koma ruwan ƙasa, ko ka ga ƙananan tsage kamar gashi a gindin bakin tiyo, ajiye shi, ya gama aikinsa. Wasu sun fi son a yi musu na alminiyam a wurin mai waldar agon. Yana da kyau a ido, yana kuma shiga lungun da kake so, amma kuɗinsa ya ninka na roba, ba ka ganin ruwan da ke ciki, kuma sai an sami wuyan murfi na gaske an yi masa walda daidai. Ni dai a ganina, in roba za ta shiga wurin, ka bar alminiyam.

Farashi a kasuwa yau daban gobe daban, don haka ka taya a shago uku kafin ka ciro kuɗi. Abin da ba ya canzawa shi ne jerin tsadar: kulan mai kyau da tankin su ne manya, tiyo na bi musu, murfi da kilif su ne ƙanana. Kuma a kan ƙananan nan ne mutane ke yin rowa. Kuɗin sabon murfi bai wuce na 'yan litocin fetur ba, amma in ya ci amanarka, aikin da zai jawo shi ne kwance kan inji, kai shi wurin gogewa, sabon gasket, sabon baƙin mai, da kuɗin bakanike. Tanki ka iya saya na hannu. Murfi kam sabo.

3. Auna ruwan da motarka ke sha

Kada ka dogara da littafin motar da aka ciro injin, don tiyonka ba nata ba ne. Haɗa komai, toshe bakin da tanki zai zauna, ka cika da ruwan famfo kana ƙirgawa da bokiti mai awo. Ƙaramin inji mai filogi huɗu da lagireto a gabansa yakan sha lita 5 zuwa 7.

Mai inji a baya kuwa ya yi lissafin bututu. Kowace mita ɗaya ta bututu mai faɗin milimita 32 tana ɗaukar kusan kashi 8 cikin 10 na lita. Bututu biyu masu mita uku-uku, zuwa da dawowa, sun ƙara maka kusan lita 5. Ka ga ruwanka ya kusa ninkawa.

Daga sanyin safiya zuwa zafin aiki, haɗin kulan da ruwa yana kumbura da kamar kashi 4 zuwa 5 cikin 100. Lita 7 za ta ƙara kamar sulusin lita, lita 12 ta ƙara fiye da rabin lita. Ka bar wa iska wurin da ya ninka wannan, sannan ƙasan tankin ya kasance da ruwan da ko ka taka birki da ƙarfi ko ka sha kwana bakin tiyo ba zai buɗe ya haɗiyi iska ba. A taƙaice, mai inji a gaba, tankin lita 1 zuwa 1.5 ya wadatar. Mai dogon bututu ya nemi lita 2 ko sama.

4. Nemo wuri mafi tsayi

In za ka yi gaggawa a ko'ina, ban da nan. Iska sama take gudu. Duk inda ya fi tsayi a hanyar ruwa, can za ta taru, kuma in wurin nan cikin kan inji ne, ƙarfen da ke gefen wannan iska ba ya samun mai sanyaya shi. Allurar dashbod ma tana iya yaudararka, domin sensa in ta zauna cikin tururi ba ruwa ba, ba ta faɗin gaskiya.

Ajiye motar a kan daɓe mai lebur, tayoyi da iskarsu daidai. Ɗauko tiyon lebur, cika shi da ruwa, wani ya riƙe maka baki guda a daidai wurin da ya fi tsayi a kan inji, yawanci inda babban tiyon sama ke fita, kai kuma ka kai ɗaya bakin jikin bangon da ke raba inji da direba, ka ja layi da alli. Maimaita da saman lagireto, da kowane gwiwar tiyo da ta yi tozo. Layin da ya fi kowanne tsayi shi ne ma'auninka. Layin ruwan tanki a lokacin sanyi, ba murfinsa ba, dole ya zauna sama da wannan layi. Ko da yatsu uku ne, amma in ka sami taƙi guda ya fi.

Na san abin da ya sa nake nanata wannan. A motata ta farko na auna da ido, na kafa tankin a inda ya yi mini kyau. Murfinsa ya fi kan inji tsayi, amma ruwan ciki bai kai ba. A cikin gari lafiya lau. Ranar da na ce bari in gwada ta a hanyar Zariya, ban wuce Maraban Jos ba ta fara tari, farin hayaƙi na fita ta salansa. Aka jawo ni gida. Dattijon da na koyi aiki a hannunsa ya zo ya duba, ya ɗora tafin hannu a kan tankin, ya ɗora ɗaya a kan inji, ya ce, "Yaro, ruwa ya taɓa hawa tudu don yana jin kunyarka?" Na ce, "A'a, Baba." Ya ce, "To ɗauko sifana." Gasket ɗin ya riga ya ƙone.

In bonet ya hana, ka yi wa bonet tozo ko ka matsar da tankin baya kusa da gilashi, inda jikin mota ya fi tsayi. Kada ka sauke tankin don bonet ya rufu.

5. Kafa mazaunin

Falankin ƙarfe mai kaurin milimita 2 ko 3 ya isa. Kafa shi a jikin shasi ko bango, ba a jikin inji ba, don girgiza na tsaga roba. Sa 'yar roba tsakanin tanki da ƙarfe, ka ɗaure da noti, kada ka matse har kunnen tankin ya lanƙwashe. Nisanta shi da manifol na salansa. Ka kuma tabbata hannunka da mazurari za su kai bakin murfin ba sai an kwance wani abu ba, ido kuma zai ga layin ruwa da ɗaga bonet kawai.

Gargaɗi: cire tankin kafin mai walda ya taɓa mazaunin. Tartsatsi ɗaya ya isa ya yi masa ramin da ba za ka gani ba sai ya ɗau matsi.

6. Babban tiyo na ƙasa

Bakin da ke gindin tanki, mai milimita 16 zuwa 19, yana zuwa ne ɓangaren da wata-famfo ke zuƙo ruwa. Ba ɓangaren da take turawa ba. Wannan shi ne kuskure na biyu mafi yawa bayan na tsayi. In ka haɗa shi da tiyon sama, famfo zai riƙa tura ruwa cikin tankin, kana taka totur ruwa na hawa, har murfi ya buɗe ya zubar, alhali inji bai ma yi zafi ba.

Ina ne ɓangaren zuƙa? Wuri biyu ne. Akwai babban tiyon ƙasa da ke dawowa daga lagireto, akwai kuma bakin da ruwan hita ke dawowa. Duba inda tamostat ɗin injinka yake, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in inji ya yi zafi. A injinan Golf da na Corolla da muka saba da su, yana zaune ne a mashigar famfo, wato a ƙarshen tiyon ƙasa. In ka sa ti a tiyon ƙasa a irin wannan inji, to duk lokacin da tamostat ke rufe, ya shiga tsakanin tankinka da famfo. Shi ya sa bakin dawowar hita ya fi, don shi a bayan tamostat yake shiga, kullum a buɗe.

Tunda motar gida ba kasafai ake sa mata hita ba, bakunan hitar biyu, na fita da na dawowa, suna nan a banza. Kada ka toshe su da ƙusa da kilif kamar yadda ake yi. A wasu injina, ta nan ruwa ke zagayawa kafin tamostat ya buɗe. Haɗa bakin fita da na dawowa da guntun tiyo, ka sa ti a kusa da na dawowa, tiyon tanki ya sauko ya shiga nan.

Tiyon ya riƙa gangarowa daga tanki har ƙasa, babu inda zai hau ya sake sauka. Kowane tozo gidan iska ne.

Gargaɗi a kan tiyo da bututu: tiyon ban ruwan fulawa da farin tiyo mai nuna ciki ba na wannan aiki ba ne, suna yin laushi a zafi su zame. Nemi baƙin tiyon hita mai zare a ciki. Duk bututun ƙarfe da za ka sa wa tiyo, a yi masa ɗan tudu a baki, ko da layin walda ne a zagaye a goge shi sumul, kilif ya zauna a bayan tudun. Bututu mai santsi, komai matse kilif, wata rana zai tofar da tiyo, kuma ba zai zaɓi ranar da kake kusa da gida ba.

7. Ƙananan tiyo masu fitar da iska

Ƙaramin bakin da ke saman tanki na iska ne. Daga kowane wuri da iska ke iya taruwa, a ja siririn tiyo mai hawa zuwa wannan baki. Yawanci wuri biyu ne: saman lagireto, da wuri mafi tsayi a kan inji ko tiyon sama. Lagireton Golf da irinsa wasu suna da ɗan bakin a shirye, wasu kuma yana jikin tiyon sama. In naka ba shi da shi kuma na tagulla ne, mai gyaran lagireto zai sa maka da dalma cikin 'yan mintuna. In saman na roba ne, kada ka huda, sa ti mai ƙaramin reshe a tiyon sama, reshen na kallon sama.

Kana iya haɗa biyun da ƙaramin ti kafin su shiga tanki. Milimita 6 ko 8 ya isa, kada ka ƙara. Duk ruwan da ya bi ta nan ya tsallake lagireto bai huce ba, ka ga in tiyon ya yi faɗi asara ce. In ka leƙa ka ga yana feshi da ƙarfi har ruwan tanki na kumfa, cusa ɗan guntun ƙarfe mai ramin milimita 2 ko 3 a cikin tiyon, ka riƙe shi da kilif daga waje.

Mai inji a baya, lagireto a gaba: jan siririn tiyo mai hawa tun daga gaba har baya ba kullum yake yiwuwa ba. Sai ka sa sukurun fitar da iska a saman lagireto, irin wanda Peugeot ke sakawa a motocinta, ka riƙa buɗe shi da hannu lokacin cika ruwa.

8. Murfi

Lambar da ke kan murfi tana faɗin matsin da yake riƙewa kafin ya buɗe. Na motocin Japan yawanci 0.9 ko 1.1 bar ne. Na Golf da Peugeot suna wajen 1.4. Amfaninsa a fili yake: ruwa zalla yana tafasa a digiri 100 a bakin teku, a nan Kaduna da muke kan tudu ma yana ɗan riga haka. In murfi ya riƙe bar 1, sai ya kai wajen digiri 120 kafin ya tafasa, in rabinsa kulan ne ya ƙara sama. Inji kuwa yana aiki ne a tsakanin 85 da 100. Wato murfin da ya saki, a cunkoson bakin Kasuwar Gumi cikin watan Afrilu, ya cire duk tazarar da ke tsakaninka da tafasa.

Zaɓi lamba bisa abin da ya fi rauni a motar. In lagiretonka na Corolla ne da aka yi don 0.9 ko 1.1, kuma ya tsufa, murfin 1.4 na iya buɗe masa baki a inda roba ta haɗu da alminiyam. Ko ka nemi lagireton da ya dace da tankin, ko tankin da murfinsa ya dace da lagireton.

In lagireton yana da wuyan murfi, ga kuma tanki mai murfi, to ɗaya ne kawai zai yi mulki, kuma na tanki ne. Na lagireto a sa masa murfin toshiya marar sifirin, wanda ke rufe saman wuya kawai, sai ɗan bakin da ke gefen wuyan ya zama shi ne mafitar iska zuwa saman tanki. Ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya ke nan, ba sai ka nemi mai dalma ba. Amma yanzu wannan siririn tiyo yana ɗauke da matsi, don haka kilif a kowane baki. In ka bar murfi mai sifirin a ƙasa kuma ya fi na tanki rauni, shi zai riƙa buɗewa, kuma da yake a ƙasa yake, ruwa zai zubar ba iska ba.

9. Robar rizaba, ga wanda ya zaɓi tsarin farko

Wannan gajere ne. Roba mai kamar lita 1, a kafa ta kusa da lagireto, layin ruwanta kusa da tsayin wuyansa ko ƙasa kaɗan. Tiyo daga wuya ya shiga ta gindi, ko ta murfi ya sauka har kusa da ƙasa, a yanke bakinsa a karkace don kada ya manne da gindin roba. Dole bakin ya zauna cikin ruwa kullum, in ba haka ba iska zai zuƙo. Robar kuma ta sami ƙaramar mafitar numfashi a sama.

Murfin lagireton ya zama mai roba biyu, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, da ɗan bawul a tsakiya. Ja bawul ɗin da farce, ya buɗe ya koma. In babu robar sama, ruwa zai fita amma ba zai dawo ba.

Gorar ruwan sha da ake ɗaurewa da waya ba rizaba ba ce. Ruwa mai zafi na farko zai murɗe ta.

Mai tankin matsi ba ya buƙatar wannan roba. Ya dai karkatar da mafitar murfinsa ƙasa, nesa da taya, bel da wayoyi.

10. Gwada matsi tun inji na sanyi

Cika da ruwan famfo tukuna, kada ka yi asarar kulan. In garejin da kake yana da famfon gwaji, shi ke nan. In babu, cire siririn tiyo ɗaya, sa bawul ɗin tsohon tiyub na mashin a bakinsa da kilif, toshe ɗaya ɓangaren, ka hura da famfon keke mai agogo har bar 1. Bar shi minti 10 zuwa 15. In allura ta sauka, bi kowane kilif da busasshen tsumma har ka samo jiƙa.

Gargaɗi: kada ka kai wa mai faci ya hura da injinsa. Iskar da ke cika taya ta fi ƙarfin lagireto nesa ba kusa ba.

11. Zuba kulan, kori iska

Zubar da ruwan gwaji. In kulan mai kauri ka saya, haɗa shi rabi da rabi da ruwa. In wanda aka riga aka sirka ne, an rubuta a jikin galan, kada ka ƙara masa komai. Mu a nan ba ƙanƙara muke tsoro ba, tsatsa ce, kulan ne ke hana ta cin alminiyam da fukafukan famfo. Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin farin gishiri a cikin ƙananan hanyoyin lagireto, ka nemi tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir, ka kuma tabbata ba mai asid aka ba ka ba. Kada ka gauraya kore da ja ko ruwan hoda, zaɓi ɗaya ka tsaya a kansa.

Gargaɗi: kulan guba ne, ga shi da zaƙi-zaƙi da launi mai jan ido. Kada a zuba shi a gorar lemo, kada a bar shi a kwano inda yaro, akuya ko kyanwa za su kai.

Ɗaga ɓangaren motar da tanki yake da jak, ko ka hau da shi kan ɗan tudu. Buɗe duk sukurun iska. Zuba a hankali, siririn zubi, kana matsa manyan tiyo da hannu kamar mai tatsar nono. Kowane sukuru ka rufe shi sai ruwa ya fito ba kumfa. In tanki ya kai rabi, tayar da inji murfi a buɗe, ka bar shi a silo. Ka ga siririn ruwa na dawowa ta bakin sama, ruwan tanki na sauka kana ƙarawa. Da zarar ya fara ɗumi sosai, rufe murfi. Jira tiyon ƙasa ya yi zafi, alamar tamostat ya buɗe, yawanci tsakanin digiri 82 da 88. Bari fanka ta tashi ta tsaya sau biyu. Kashe.

Na san da yawa za su ce ai mu tamostat cire shi muke yi. Cirewar ba ta korar iska, ɓoye alamar kawai take yi na ɗan lokaci, inji kuma ya riƙa shan mai yana aiki a sanyi, musamman da safiyar hunturu. Bar shi a wurinsa, in ya mutu ka sa sabo.

Gargaɗi: kada ka buɗe murfi inji na da zafi, ko da tsumma. Ruwan da ya wuce digiri 100 a ƙarƙashin matsi, kana sakin murfi zai zama tururi nan take ya yi sama da fuskarka. Matsa tiyon sama, in yana da tauri, jira.

12. Gwaji a titi da karatun safiya uku

Washegari da safe, kafin ka tayar, daidaita ruwa a tsakiyar tanki ka ja layi da maka. Fita gwaji kashi biyu: gudu a hanya mai sarari kamar baifas ta yamma, sannan tsayuwa cikin cunkoso da rana tsaka, don kowanne irin nasa ciwon yake tonawa. Tafi da galan na ruwa da sukundireba. Bayan zafi na farko kilif kan saki, sake matse su in ta huce.

Safiya ta farko ruwa zai sauka kaɗan, ragowar iska ce ta fita, ƙara zuwa layi. Ta biyu ya rage sauka. Ta uku ya tsaya a layi. In bai tsaya ba, ga yadda ake karanta shi.

Yana sauka kullum, ƙasa a bushe: duba farin busasshen tabo a bakin kilif da gindin famfo, yoyon da ke fita sai da zafi ne. Tanki na ambaliya duk fita: ko ka cika shi fiye da rabi, ko ya yi ƙanƙanta, ko babban tiyo na ɓangaren turawa. Rizaba ta cika ta ƙi komawa: siririn tiyo na shan iska, ko robar saman murfi ta mutu. Tiyon sama ya lotse bayan ta huce: bawul ɗin tsakiyar murfi ya maƙale, canza murfi. Allura na hawa da sauka kamar lilo: akwai sauran iska, koma mataki na 11, in ta sake dawowa koma mataki na 4.

In kuwa ka tayar da inji da sanyin safiya, cikin minti ɗaya ko biyu tiyo ya yi tauri kamar taya, ko kumfa na ta fitowa a tanki ba ƙaƙƙautawa, wannan ba iskar cikawa ba ce. Hayaƙin silinda ne ke shiga ruwa ta gasket ko ta tsaga a kan inji. Ciro sandar awon baƙin mai ka duba ko ya koma kalar shayi mai madara, ka kashe motar, kada ka sake fita da ita sai an kwance kan.